Aya Ta Uku

Wurina a coci yana can baya, a kan ɗan dandamalin katako kusa da tagar da ba ta rufuwa sosai. Tebur ne ƙarami da kwamfuta a kai, sai doguwar waya da ta bi silin har zuwa majigin da ke haska farin bangon bayan mumbari. Ni nake sa baitocin waƙa, ni nake sa ayoyi. Shekara uku ke nan. Na karɓi aikin ne saboda ba ya bukatar in yi wa kowa magana. Daga nan ba na ganin fuskar kowa sai ƙeya, har na kai ina gane wanda ya fito gida da fushi daga yadda ya karkata kafaɗa.

Sauran ranakun mako ina maɗaba'a, ina duba kuskure kafin a buga. Abin da digirina ya samo mini ke nan, jan biro da kujera tsakanin injin yanka takarda da ƙofar sito. Mai injin, wani dattijo da tawada ta kama farcensa, yana kirana Malama Jan Biro. Yakan ce ko wasiƙar soyayya aka aiko mini, sai na gyara ta na mayar wa mai ita. Ina yin murmushi in ci gaba da aiki. Ba wanda ya taɓa aiko mini.

Aikin ya bar mini wata ɗabi'a. In aka miƙo mini shafi ɗaya, sai na karanta na gabansa da na bayansa, domin kuskure ya fi ɓuya a inda aka yanke. Haka na riƙa yi da ayoyin da sabon Fasto yake turo mini ta waya kowace Asabar.

Wata takwas da zuwansa, kuma ba zan ɓoye alherinsa ba. Ya cika bencinan da suka yi shekaru babu kowa. Ya san sunan kowane yaro. Ranar da mahaifiyar mai gadi ta kwanta asibiti, shi ya fara isa. In yana wa'azi ba ya waiwayar bango ko sau ɗaya. Sai dai ya ɗaga hannun hagu ya ce, "Mu karanta tare," ni kuma in danna, mutum ɗari uku su karanta abin da ke bango da murya ɗaya, irin ta 'yan firamare.

Saƙonsa kullum gajere ne. Babi kaza, aya kaza kawai. Wannan "kawai" ɗin ce ta fara damuna. Wata Lahadi ya gina wa'azi gaba ɗaya a kan cewa duk mai shan wahala abin da ya shuka yake girba. Na riga na karanta wurin. Maganar ɗaya daga cikin abokan mutumin nan ce da ya rasa 'ya'ya da dukiya da lafiya, abokan da Allah ya tsawata wa a ƙarshe saboda ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Na danna, jama'a suka karanta, aka ce amin. Na koma ɗakina na dafa shayi, na zauna a bakin gado ina ce wa kaina wataƙila ni ce ban gane ba. Shi ya yi makarantar Littafi. Ni abin da na sani shi ne inda ake sa alamar tambaya.

Yayata ita kaɗai ta rage mini tun da iyayenmu suka rasu. Tana da 'ya ɗaya mai shekara biyar, wadda nake kira Mage don tana shigowa ɗaki ba a ji ba. An haife ta ba ta ji. Likitoci sun duba, sun faɗi abin da za su faɗa, Yaya ta koyi magana da hannu daga wata malama, gidan ya saba. Mijin Yaya, mai walda ne, har ya ƙera wa yarinyar ƙararrawar ƙofa mai kunna fitila.

Sai Fasto ya fara abin da ya kira buɗe ƙulli. Ya ce babu cuta a jikin yaro da ba ta da tushe a asirin iyaye, kuma asirin da ba a faɗa a gaban jama'a ba yana nan yana riƙe da yaron. Kowace Lahadi ta ƙarshen wata ana fito da mutum biyu ko uku gaba, a ba su makirfo. Matan addu'a, su biyar da ke zama a layin farko da fararen ɗankwali, su ne suke shirya mutum kafin ranar.

Ranar Alhamis da yamma na dawo aiki na tarar da Yaya zaune a matakalar ƙofata, Mage tana jera marafan kwalba a ƙasa.

"Auta, wannan ɗaki naki sai ka ce na mai gadi. Ko labule ba za ki canza ba?" in ji ta da muka shiga. Ta zauna a kujerata ɗaya tilo, ta buɗe jaka, ta ciro takarda da aka yago daga littafin makaranta. "Ke kika yi jami'a. Gyara mini wannan. Lahadi za a kira ni, ba na so in tsaya ina in-ina."

Na karɓa. Rubutunta ne mai jingina baya. Layukan farko an soke su: cewa ta taɓa yi wa mahaifiyarmu tsawa, cewa lokacin laulayi ta taɓa cewa da ma ba ta ɗauki cikin ba. A ƙasa, da biro mai kauri, ta rubuta cewa tana da ciki wata huɗu, mijinta ya yi tafiyar aiki, ta je wurin wani malamin makaranta da ya nemi aurenta kafin shi, ta kwana.

Na karanta sau biyu. "Yaya, wannan ƙarya ce."

"Gyara kawai na ce ki yi."

"Ina gidanki lokacin. Hutu muke. Ko bandaki sai na riƙe ki. Wace kwana?"

Ta kalli Mage, ba ta kalle ni ba. "Na faɗa musu na saman, suka ce bai kai ba, in zurfafa. Sun yi azumi kwana uku, an nuna musu wani namiji tsaye tsakanina da babanta. To wane namiji na sani in ba shi ba? Wataƙila na yi tunaninsa. Wataƙila a mafarki. Sun ce a wurin Allah duk ɗaya ne."

"To ki ce mafarki. Me ya kawo kin kwana?"

"Mafarki ba ya buɗe kunne, Auta."

"Mijinki zai kasance a zaune a wurin."

"Na sani."

"Ba zai ƙara kallonki yadda yake kallonki ba. Ko bai sake ki ba, an gama."

Sai a lokacin ta ɗago. Idonta a bushe yake, wannan ya fi ba ni tsoro. "In an ce in faɗi na kashe mutum yarinyar nan ta ji muryata sau ɗaya, zan faɗa. Ke ba ki haifa ba. Ba ki taɓa tsayawa bayan ɗanki kina kira kina kira ba."

Na miƙa mata takardar ban taɓa ko harafi ba. Ta ninke ta, ta ce dama ta san karatuna ba shi da amfani ga kowa, ta taɓa kafaɗar Mage suka fita. Yarinyar ta bar mini marfi ɗaya a kan matashi.

Asabar da rana saƙon Fasto ya shigo. Babin mutumin da aka haifa makaho, aya ta biyu kawai. Na buɗe. A aya ta biyu mabiyan Yesu ne suke tambayarsa wa ya yi zunubi har aka haifi mutumin haka, shi ko iyayensa. Tambaya ce. Amsar tana aya ta uku, layi ɗaya a ƙasa, ko shafi ba a juya ba.

Na sa takalmi na cire, na sake sawa, na nufi wurin Fasto. Ban taɓa shiga ofishinsa ba. Ɗaki ne mai tsabta a gefen coci, fanka tana juyawa a hankali, littattafai a jere bisa tsayi. Ya tashi ya ja mini kujera da kansa.

"'Yar'uwa mai majigi! Yau bango ya zo da ƙafarsa. Lafiya dai?"

Na ce lafiya. Na ce game da ayar gobe ne. Muryata ta fito ƙarama kamar daga cikin aljihu. Na ce na ga tambayar ce kawai, ko zan haɗa da amsar.

Ya yi murmushi, ba na raini ba. "Kina karatu. Na ji daɗi. Da ma duk matasanmu haka suke. Na san aya ta uku, 'yar'uwa. Amma wannan amsar ta mutum ɗaya ce, a rana ɗaya. Abin da nake so jama'a su gani shi ne, har waɗanda suka yi tafiya da Ubangiji sun san akwai alaƙa tsakanin zunubin iyaye da jikin ɗa. Shi ya sa suka tambaya."

"Amma ya ce musu ba haka ba ne."

"Likita ba ya ba mara lafiya dukan kantin magani. Yana zaɓar abin da jikin yake bukata yau. Mutanen nan suna ɗauke da abubuwa masu nauyi. In ban girgiza su ba, ba za su sauke ba. Kin ga fuskokinsu bayan sun faɗa? Kamar an wanke su."

Ban ga fuskokinsu ba. Ƙeya nake gani. Na so in ce masa yayata za ta faɗi abin da ba ta yi ba, amma sirrinta ne, kuma na ga a fuskarsa cewa zai ce zuciya ta fi ƙwaƙwalwa tunawa. Ya yarda da abin da yake faɗa, wannan ne ya sa na rasa ta inda zan kama shi.

"Aya ta biyu kawai," ya ce yana raka ni ƙofa. "Allah ya yi miki albarka."

A hanya na tsaya a inuwar wani shago da aka rufe, na sake karanta babin daga farko zuwa ƙarshe a wayata. Ina neman inda Fasto yake da gaskiya, da gaske nake nema, don hakan ya fi mini sauƙi. Na ga Yesu ya warkar da mutumin bai nemi ya faɗi komai ba. Bai kira iyayen gaba ba. Waɗanda suka kira iyayen suka tsare su da tambayoyi a gaban jama'a, wasu ne dabam, kuma su ne suka kori mutumin waje daga baya. Babu wanda zan kira in tambaya. Tsohon Fasto ya koma wurin ɗansa, ba ya ma gane murya a waya. Na tsaya a nan har mai shagon ya dawo ya tambaye ni ko wani nake jira. Na ce a'a.

Lahadi coci ya cika har bakin ƙofa. Na hango Yaya a layi na shida, sanye da rigarta mai ruwan toka, mijinta a dama, Mage a tsakiya tana lilo da ƙafa. Na sa waƙoƙi uku ban yi kuskure ba. Na shirya shafi biyu a kwamfuta, ɗaya aya ta biyu, ɗaya ta uku, ina ce wa kaina shirya abu ba laifi ba ne.

Fasto ya yi wa'azi kusan minti arba'in. Sannan ya kira su. Wani mutum mai ɗa da ke farfaɗiya, wata mata da ta yi ɓari uku, sai Yaya. Suka jera a gaban mumbari, wannan karon suna fuskantarmu. Karo na farko ke nan da na ga fuskar wani cikin jama'a a lokacin sujada. Takardar tana hannun Yaya, ta naɗe ta kamar tsinke.

"Kafin su buɗe baki," in ji Fasto, "mu ji abin da Littafi ya ce." Ya ɗaga hannun hagu. "Mu karanta tare."

Na danna aya ta biyu. Suka karanta tambayar, kalma bayan kalma, har ƙarshe. Fasto ya ja numfashi zai yi magana. Na danna.

Mutanen nan shekara da shekaru sun saba, in bango ya canza baki yana bi. Ba wanda ya jira hannu. Murya ɗari uku, har da matan addu'a a layin farko, har da mijin Yaya da muryarsa mai kauri, suka karanta amsar Ubangiji, cewa ba mutumin ne ya yi zunubi ba, ba kuma iyayensa ba. Wasu sun kai tsakiya suka yi shiru. Tsofaffin da ke karatu a hankali suka kai ta har ƙarshe su kaɗai.

Sai aka ji ƙarar fanka.

Fasto ya waiwaya ya kalli bango. Ban taɓa ganin ya yi haka ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo da murmushi. "Na'urarmu ta yi gaba ta bar mu," ya ce. Wasu suka yi dariya, irin ta neman mafita. Bai kalli inda nake ba. Ya ce a kashe majigin, na kashe. Ya yi bayanin da ya yi mini a ofis, kusan kalma da kalma, ya miƙa makirfo.

Mutumin ya faɗi nasa yana kuka. Matar ta faɗi nata, ba a ji sosai ba. Makirfo ya iso hannun Yaya. Ta riƙe shi kusa da baki, numfashinta yana fita ta lasifika. Ta juya ta kalli bangon da babu komai a kai yanzu. Ɗaya daga cikin matan addu'a ta ce, "Ƙarfafa, 'yar'uwa." Yaya ta buɗe takardar rabi, ta sake rufewa.

"A yi mini haƙuri," ta ce. "Ban shirya ba."

Ta miƙa wa Fasto makirfo ta koma wurinta. Fasto ya ce Ruhu ba ya gaggawa, za a jira ta Lahadi mai zuwa. Mawaƙa suka tashi, aka yi waƙar rufewa ba kalmomi a bango, rabin jama'a suna laluben baiti na biyu.

Da aka tashi, dattijon da ke riƙe da kayan coci ya hau dandamalina, ya tsaya yana kallon takalminsa. Shi ya koya mini haɗa wayoyin da farko.

"'Yata, an ce ki ɗan huta. Kawo makullin akwatin na'urorin."

Na ciro shi daga cikin makullaina. Zoben ya yi tauri, ya ɗauke ni lokaci, shi kuma yana tsaye.

"Kuskure ne, ko?" ya tambaya a hankali. "In kuskure ne, in faɗa musu."

"Ba kuskure ba ne, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya sa makullin a aljihu, ya sauka. A farfajiya mutane suna gaisawa ƙungiya-ƙungiya. Ba wanda ya zage ni. Hanya kawai ta riƙa buɗe mini da faɗi fiye da yadda nake bukata. Na hango Yaya ta hau bayan babur ɗin mijinta, Mage a tsakaninsu. Ba ta juyo ba.

Litinin, Talata, Laraba, wayata ba ta yi ƙara ba sai saƙon kamfanin waya. A wurin aiki na bar kuskure biyu suka wuce a katin gayyata, mai injin ya kama su ya kawo mini yana rawa. Ya ce yau za a yi biki, Jan Biro ta zama mutum. Da ya ga fuskata sai ya ajiye takardar ya koma.

Alhamis na kasa jira. Na tashi aiki na wuce gidan Yaya. Na danna ƙararrawa. Na same ta a tsakar gida tana guga a kan tebur, kayan aikin mijinta masu ƙunar tartsatsi a tare a gefe.

"Kin zo," ta ce.

Na zauna a kan bokitin da aka kife. Ta gama riga ɗaya, ta ɗauki wata.

"Matan sun zo sau biyu. Sun ce ni na sa ki. Sun ce ruhun gardama ne a gidanmu tun daga iyaye." Ta danna dutsen guga a kan kwala. "Kin san yadda na ji a tsaye a wurin? Kamar an tuɓe ni. Da kin bari na faɗa, da yanzu an wuce wurin."

"Lahadi za ki tsaya?"

Ta gama hannun rigar, ta juya ta.

"Na karanta babin. Ban taɓa karanta shi duka ba, kin ji abin kunya. Na karanta na sake. Jiya baban yarinyar ya tambaye ni me ke cikin takardar, na ba shi. Na ce ga abin da na so faɗa, kuma ƙarya ce, ya tambaye ki in yana so."

"Me ya ce?"

"Ya karanta ya ninke ta. Sannan ya ce shi ma matan addu'ar sun ce an nuna musu wata mata a bayansa, watan gobe ne nasa layin." Ta yi wata gajeriyar dariya da ba ta kai ido ba. "Ba zan tsaya ba, Auta. Shi ma ba zai tsaya ba."

Na so in tashi in rungume ta, amma dutsen guga yana tsakaninmu, kuma ba mu saba ba.

"Amma cocin za mu ci gaba da zuwa," ta ce. "Nan aka ɗaura mana aure, nan yarinyar ta san mutane. Ina za mu je? Saboda haka ki ɗan ja jiki kwana biyu. In suka shigo suka gan ki a nan, sabuwar magana ce. Ba fushi nake ba. Ki gane."

Na ce na gane. Na tambayi Mage, ta ce tana wurin maƙwabta. Ta ce in tsaya in ci abinci, da muryar da ake faɗa wa wanda ya riga ya miƙe. Na ce na ƙoshi.

Ta raka ni har ƙofa, ta leƙa titi hagu da dama kafin ta buɗe sosai. Da na fita ta kama gefen mayafina ta gyara mini shi a kafaɗa, da sauri, ta koma ciki. Na bi ta bayan layi, doguwar hanya, don kada in haɗu da kowa.